Goruba a Bayan Riga

Uwargida ce ta fara kai ƙarata, kuma Tibiri ta kai ta, wurin Inna. Ta ce mata munsharina bai dame ta ba, shekara goma sha takwas tana jin sa, ya zame mata kamar kukan gyare. Abin da ke hana ta runtsawa shi ne shirun da ke biyo baya. Sai in ja, in ja, sai ɗif, kamar an ɗauke wuta. Ta tashi zaune tana ƙirgawa a zuci, wani lokaci har ashirin, kafin in zabura in shaƙi iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya, in juya in ci gaba. Gari ya waye ta tambaye ni, in ce ban san an yi ba.

Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Yaron nan dannau ne ke damunsa." Ta aiko da rubutu a gora, na sha, ban raina ba. Amma na san dannau tun ina saurayi: idonka biyu, kana jin komai, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Wannan kuwa ni da ake yi wa ba ni da labari. Abin da na sani kawai shi ne ina tashi da ciwon kai, bakina a bushe ƙamas, fitsari sau uku ko huɗu kafin asuba, kuma ba a gama huɗubar farko ranar Juma'a ban yi gyangyaɗi ba.

Ranar da na daina wasa da maganar, daga garkata ta Jiratawa nake dawowa bayan azahar, buhun zogale biyu a bayan babur. Ban san sa'ad da idona ya rufe ba. Ihun wani yaro ne ya farkar da ni, na ga na sauka daga kwalta ina fuskantar amalanken shanu. Allah ya tsare. Na zauna a gindin wani gawo hannuna na rawa.

Likitan da ke duba mini hawan jini a nan Maraɗi ya daɗe yana mamakin yadda ƙwaya iri biyu ta kasa saukar da shi. Da na ba shi labarin babur, sai ya ce, "Malam, kana munshari?" Ya sa awo ya zagaye wuyana, ya leƙa maƙogwarona, ya rubuta mini takarda zuwa Yamai. Tafiyar kilomita fiye da 600 don a kalli mutum yana barci! A mota ina ta yi wa kaina dariya. Can aka ba ni wata 'yar na'ura na kai gidan ƙanena: ɗamara a ƙirji, ɗamara a ciki, siririn tiyo a hanci, wani ɗan matsi mai jar wuta a yatsa. Na kwana da su, da safe na mayar.

Sakamakon shafi uku ne da Faransanci, da zane-zane kamar haƙoran zarto. Ina karanta Faransanci, amma ban fahimci komai ba sai da likitar Yamai ta ja kujera kusa ta ɗora biro a kan haruffa uku, IAH, da lamba 23 a gabansu. Ta ce duk lokacin da iska ta tsaya cak na daƙiƙa 10 ko fiye, na'ura ta ƙirga ɗaya. Idan iskar ta ragu sosai har iskar oksijin ta faɗi a jini, shi ma ɗaya. A tara su a raba da awoyin dare. Ƙasa da 5 a awa lafiya lau ne. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. Ni ke nan sau 23 a kowace awa maƙogwarona ke rufewa ko ya ƙuntata. Na yi lissafi a kai, kusan duk minti uku.

Ni idona yana kan wata lamba dabam, 83, mafi ƙasan inda oksijin ya sauka, alhali na mai lafiya 95 ne zuwa sama. Na riga na ga kabarina. Ta ce kada in maƙale a nan, domin ɗan matsin yatsa yakan zame ya ba da lambar ƙarya. Ita abin da take dubawa shi ne minti nawa na yi a ƙasa da 90 a tsawon dare. Sannan ta juya shafi ta nuna mini layin da na tsallake, wanda daga baya ya fi kowanne yi mini amfani: a rigingine 41, a gefe 8. Mutum ɗaya, dare ɗaya. Idan na kwanta a kan bayana, harshe da naman ganɗa su saki su faɗa baya su toshe hanya. Ƙwaƙwalwa ta ji iska ta yanke, ta fizgo ni daga barci mai nauyi na 'yan daƙiƙu, ban farka sosai ba balle in tuna. Kowace fizga zuciya ta buga da sauri, jini ya hau. Har fitsarin daren da na ɗauka ciwon suga ne, na je aka gwada ba a samu ba, daga nan yake: kokawar jan numfashi a rufaffen maƙogwaro tana matsa zuciya, ita kuma ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta tara fitsari.

Wani abu da ta faɗa ya sa na ƙara yarda da ita. Ta ce irin wannan na'urar ta gida ba ta san ko barci nake ko idona biyu ba, numfashi kawai take gani. Na gaya mata na kai awa biyu ina juye-juye saboda baƙon ɗaki da tiyo a hanci. Ta ce to lambar gaskiya za ta iya fin 23, tunda an raba da awoyin da ban yi barci ba. Babban gwajin da ake manna wayoyi a fatar kai shi ke nuna zurfin barci da lokacin mafarki.

Maganin da ya fi ƙarfi wata na'ura ce, CPAP, mai hura iska a hanci dare duka don hanya ta zauna a buɗe. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Da ta faɗi kuɗinta na yi shiru. Ga kuma wuta. Duk ɗan Maraɗi ya tuna yadda aka kwana tun daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin lantarki, har watanni. Ta ce da na haura 30, ko da a gefe ma lambar tana sama, ba za ta saurari uzurina ba, sai dai in nemi batir da sola. Amma a yadda takardar take, in fara da kwanan gefe da rage ƙiba, in bar hawa babur in ina jin barci, in dawo a sake gwaji. Turawa, in ji ta, ƙwallon tanis suke ɗinkewa a bayan rigar barci don kada su juya rigingine.

Ƙwallon tanis a ina? Na sayi goruba uku a babbar kasuwa, na kai wa telana a unguwar Zariya na ce ya yi mini aljihu a tsakiyar baya. Sai da ya ajiye almakashi don dariya. Daren farko na tsine wa gorubar nan sau ba adadi. Bayan mako biyu jikina ya koya.

Ciwon kan safe ya tafi, fitsari ya koma sau ɗaya. Amma ban daina farkawa ba, kuma wannan farkawar ina sane da ita. Na ɗauki kayen ɗana na makaranta da ya rage shafuka, na riƙa rubuta abin da na ci, abin da na sha, ƙarfe nawa na kwanta, ƙarfe nawa na farka. Kayen ya tona asirin da na'ura ba ta gani ba. Duk daren da na zauna a fada bayan isha'i na sha shayi har zagaye na uku, ga goro a kai, ƙarfe biyu idona tar. Sinadarin da ke cikin shayi da goro yakan yi wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato kofin ƙarfe tara yana nan yana aiki da tsakar dare. Daren da na ci tuwo da miyar yaji na kwanta nan take, ƙwannafi ke tayar da ni. A watan Afrilu zafi ne, ɗaki ya riƙe wutar rana, fanka ta tsaya. Da damina sauro, musamman in na kwana a Jiratawa kusa da ruwan garake na yi ƙyuyar ɗaura gidan sauro. Da hunturu ƙura ta toshe hanci, uwargida ta ce munsharin ya dawo ko a gefe nake. Akwai kuma darare biyu da na rubuta "kuɗin makaranta" kawai a gaban ƙarfe uku.

Abin da na ɓoye wa likitar, sai a waya na faɗa mata daga baya: na yi wata biyu ina sayen ƙwayar barci a tiren masu yawo da magani. Muryarta ta canja. Ta ce irin waɗannan ƙwayoyin suna ƙara sakin naman maƙogwaro, kuma suna danne fizgar nan da ke cetona in numfashi ya tsaya. Ragowar na zuba su a masai.

Da na je Tibiri gaisuwa na kwana, Inna ta ga rigar a kan igiya ta taɓa ƙullin bayanta, ta zaci laya ce. Na yi mata bayani. Ta yi jim, ta ce marigayi Baba ma haka yake yi, munshari sannan shiru, har maƙwabta sun san shi da shi, ana cewa barcin mai ƙoshin lafiya ne. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi yana ɗan shekara hamsin da 'yan kai. Daga ni har ita ba wanda ya ƙara magana.

Na sauke kilo biyar, shayi kuma na mayar da shi bayan la'asar, 'yan fada suna ta yi mini tsiya. Gwaji na biyu sai bayan Sallah. Uwargida ba ta daina ƙirga ba. Shekaranjiya da safe tana miƙo mini koko ta ce, "Malam, gorubarka ɗaya ta faɗi, na kai sha biyu jiya." Rigar tana wurin tela yanzu.