Da Keke Zuwa Dam ɗin Kusada

Ranar Asabar da sassafe muka hau kekunanmu daga Kankiya. Muka bar titin Kano zuwa Katsina da hayaƙin tireloli, muka bi hanyar gonaki zuwa Kusada. Babu mota, sai amalanken shanu.

A bakin dam muka tarar da belbela tana bin garke, zalɓe kuma na tsaye cikin ruwa yana dakon kifi. Shamuwa ma ta iso. Daga kudancin Afirka take tasowa duk farkon damina, tana cinye mana fara a gonaki.

Ƙanin ɗayanmu ya zaro danƙo, muka riƙe hannunsa. Ai baƙo ba a tarbarsa da dutse.

In za ku zo, ku taho da famfon keke da ruwan sha. Danƙo kuwa, a bar shi gida.