Zaure da Teburin Kwamfuta: Abin da Shekaru Suka Koyar game da Aiki a Gida a Yola da Jimeta

Yin sana'a a cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Adamawa, ko da yake annobar korona ta 2020, wadda ta sa aka rufe makarantu da ofisoshi, ta sa matasa da yawa suna ɗaukarsa sabon salo ne da zamani ya kawo. Dattijon da ya ga jiya ya ga yau a Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, ya san cewa malamai da teloli da masu ɗinkin hula tun da can a gidajensu suke neman abinci, kuma fasalin ginin gidan ne ya sauƙaƙa musu hakan. Zaure, wato ɗakin farko da ke tsakanin hanya da cikin gida, shi ne ofishin mutanen da, kuma akan gina ƙofofinsa biyu ba a saitin juna ba, domin kada idon baƙo ya kai tsakar gida. A nan malami yakan shimfiɗa buzu, wato jemammiyar fatar rago, ya rataye gafaka, jakar fatar da ake adana littafi a cikinta, ya aje kurtun tawada daidai inda hannunsa zai kai, ta yadda ko da duhun asuba ba ya laluben komai.

Abin da dattawa suka fahimta daga wannan tsari shi ne, wurin aiki da iyaka yake farawa, ba da kayan ɗaki ba. Jimeta, wadda ta bunƙasa a bakin kogin Binuwai da ciniki da ofisoshin gwamnati, tana cike da gidajen haya da gidajen zamani waɗanda ba su da zaure, saboda haka malamin Jami'ar Modibbo Adama da ke duba takardun jarrabawa, ko matashiyar da ke yi wa wani kamfani na Abuja lissafi ta intanet, sai su tsinci kansu suna aiki a falo, tsakanin talabijin da hayaniyar yara da sallamar baƙi. Batun baƙin nan ne ya fi wuya, domin a al'ummar da ke cewa baƙonka annabinka, babu mai mutunci da zai ce wa wanda ya tako don gaisuwa ya koma ya dawo, kuma gaisuwar Yola, da Fulatanci ko da Hausa, ba a yanke ta a tsakiya. Mafitar da magabata suka samo ita ce su ɗaura aiki a kan lokutan salla: daga asuba zuwa hantsi na aikin da ke bukatar natsuwa ne, bayan la'asar kuwa na jama'a ne, kuma da zarar mutum ya dawwama a kan haka, 'yan uwa da maƙwabta da kansu sukan haddace lokacin da ake samunsa. Wanda ba shi da ɗaki na musamman yana iya ware kusurwa guda da labule ko kabad, muddin iyalinsa sun san cewa abin da ke kan wannan teburi ba a taɓa shi. Mata masu sana'a a cikin gida sun daɗe da gane wannan, har ma sun ƙara da wata iyakar da maza kan manta, wato raba kuɗin sana'a da na cefane.

Bayan mutane sai yanayi. A watannin Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai yakan haura digiri 40, saboda haka teburin da aka jingina da bangon yamma, ƙarƙashin kwanon da ba shi da silin, ba ya zaunuwa daga azahar zuwa magariba, kuma kwamfuta kanta takan yi zafi har ta rage gudu. Da hunturu kuwa ƙura ce ke shiga ta kowace kafa, don haka keken ɗinki da na'urar buga takardu suna bukatar mayafi duk lokacin da aka tashi. Takardu ba a barin su a ƙasa saboda gara, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda aka saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ta nuna wa mazauna unguwannin bakin kogi cewa takardar fili da shaidar karatu wurinsu akwatin ƙarfe ne a can sama, tare da hotonsu a waya.

Wutar lantarki ce ke bambanta mai aikin gida na yau da malamin zaure, wanda fitilar aci-balbal ta wadatar. Kamfanin raba wutar lantarki na Yola, wanda ke kula da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, yana raba abin da ya samu ne daga babban layin ƙasa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta wuni guda ya zama asara ga mai ƙaramar sana'a. Wannan ne ya sa mutane suka karkata ga sola, wato faranti mai mayar da hasken rana lantarki, tare da batir da inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen kayan kafin lissafi, alhali kamata ya yi a fara ƙirga abin da aiki ba ya yiwuwa sai da shi, wato kwamfuta da fanka da ƙwan fitila ɗaya da cajin waya, sannan a bar firji da dutsen guga a kan layin gari. Haka kuma layin waya biyu na kamfanoni daban-daban ya fi teburi mai sheƙi amfani, kuma idan kuɗin ya rage, kujera mai tallafe baya ita ce ta cancanci saye na gaba, domin mai zaman buzu yakan sauya zama ya miƙe ƙafa yadda ya so, mai kujerar roba kuwa yakan yi sa'o'i a ƙage a gaban allon kwamfuta, kuma ciwon baya ba ya bayyana sai bayan an daɗe ana haka.