Lambun Uwargida a Watan Agusta

Duk Bahaushen da ya baro gida ya zauna a Badun, watan Agusta kan ba shi mamaki. A Arewa shi ne watan marka, lokacin da ruwa kan wuni ya kwana yana zuba. A nan kuwa damina kan rabu biyu, domin daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta ruwan kan ɗauke na 'yan makonni, gari ya lumshe, sai ɗan yayyafi jefi-jefi. A wannan tsakani ne lambun furanni kan yi shiru, furannin farkon damina sun bushe, na baya ba su fito ba, ido ba ya ganin komai sai kore.

Lambun da ke ƙofar gidanmu marigayiya uwargida ce ta kafa shi. Tun da Allah Ya karɓi abinsa a shekarar 2023 ba mu sa almakashi a jikin ko reshe ɗaya ba, don muna ganin yanke abin da hannunta ya dasa tamkar cin amana ne. Haka ciyawa ta shaƙe shukokin, busassun furanni suka yi ta reto a rassa. Ana nan, wata safiya a Agustan 2024, 'yar autarmu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, furannin Mama su ma sun tafi ne?" Muka rasa amsa, mu da muke wuni muna yi wa ɗalibai sharhin fure a cikin waƙa.

Wani dattijo mai aikin lambu, mazaunin Sabo, shi ya warware mana. Ya ce, "Malam, tausayinka ne ke cutar su." Ya nuna mana cewa muddin busasshen fure na kan reshe, shuka kan mai da ƙarfinta ga yin iri, in an tsinke shi sai ta sake toho. Jar fulawar nan 'yar'uwar yakuwa, wadda furenta ba ya wuce wuni ɗaya, a sabon reshe take fure, saboda haka muka datse tsofaffin. Boganbiliya kuwa, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ya hana mu yi mata ban-ruwa, domin ta fi nuna launi idan ta ɗan ji ƙishi. A guraben da suka mutu muka dasa ziniya da marigol, 'yan asalin Meziko, tunda daga iri sukan ɗauki kusan wata 2 kafin su yi fure. Muka zuba kashin kaji wanda ya riga ya ruɓe, don ɗanyensa kan ƙone saiwa.

Mun daɗe riƙe da almakashin kafin mu yanke reshen farko. Da muka yanke, sauran bai yi wuya ba.

Ruwa ya dawo a Satumba, launi ya biyo bayansa: ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro. Auta ce ta fara ganin jan furen, ta shigo da gudu ba ko sallama. Daga ranar ita ke riƙe da almakashin mahaifiyarta, kowace safiya kafin ta tafi makaranta. Allah Ya jiƙan mai lambu, Ya sa Aljanna ce makomarta, amin.