Adon reshe da adon awo

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa warware turmin atamfa a gaban mai saye ya san ado iri biyu ne ke yawan faɗowa hannunsa: akwai wanda ganye da fure suka nannaɗe, akwai wanda aka tsara da layi da kusurwa. Turawa sun yi zamani biyu a jere a kan wannan bambanci, kowane da sunansa. Na farko suna ce masa Art Nouveau, ni kuwa adon reshe nake kiransa. Na biyu shi ne Art Déco, wato adon awo.

Adon reshe ya tashi ne wajen 1890. A 1893 wani magini ɗan Beljik, Victor Horta, ya soma ginin gidan Tassel a birnin Burusel, inda ya sa ƙarfen matakala ya riƙa lanƙwasa kamar yaɗon kabewa, zanen ya sauka daɓe, ya hau bango, ba ka sanin inda ya tsaya. A 1895 wani ɗan kasuwa, Siegfried Bing, ya buɗe kanti a Paris da sunan Art Nouveau, sunan kantin kuwa ya bi salon. A garin Nansi, Émile Gallé yana fitar da fure da ƙwari a jikin gilashi. Kafin yaƙin 1914 yayin ya kwanta. Adon awo ya nuna kansa sosai a babban baje kolin Paris na 1925: layi miƙaƙƙe, kusurwa, hawa-hawa kamar matakala, hasken rana da aka raba daidai wa daida. Ya ƙetare teku, ya hau kan dogon benen Chrysler na Niyu Yok a 1930.

Abin da aka saba faɗa shi ne na farko aikin hannu ne, na biyu ɗan inji ne. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ga dalilina. Ƙofofin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, waɗanda Hector Guimard ya tsara a 1900, fitilunsu tamkar furen da bai gama buɗewa ba, ƙarfen zubi ne. A masana'anta aka zuba su gunduwa-gunduwa, iri ɗaya, ana harhaɗa su gwargwadon faɗin kowace tasha. Shi kuwa Jacques-Émile Ruhlmann, gwanin adon awo, hannun kafintoci ne ke yi masa kabad da tebur, da baƙin katako mai tsada da hauren giwa da ake dasawa ɗigo-ɗigo, sai attajiri ke iya saye. Furen ne ya fito daga bakin tanderu, kusurwar kuma daga yatsun mutum. Mu a nan ba ma bukatar a gaya mana. Wanda ya ratsa unguwar Birni ta Damagaram ya ga fuskokin gidajen ƙasa da dagi da da'ira da kusurwa, maginan da suka yi su ba su san inji ba. Haka ɗinkin aska takwas a gaban babbar riga, allura ce da haƙuri.

A ganina bambancin yana wurin halin layin. Layin reshe yana tsirowa daga wuri guda, ya bi jikin abin da yake ƙawatawa, kuma ba ya yankuwa. Matakalar Horta ta gidan Tassel ce kawai, in ka cire ta ka kai wani gida ta zama marainiya. Layin awo kuwa maimaici ne. Ka yanke shi inda ka ga dama, ka ƙara, ka rage, ya zauna a kwalbar turare kamar yadda ya zauna a jikin bene. Shi ya sa ya fi yawo a duniya, ya shiga gidajen silima da otal-otal tun daga Kasabalanka har Mumbai. Ta fuskar ciniki shi ya ci kasuwa. Amma idona ya fi daɗewa a kan na reshe, don kowane lanƙwasa yana sa ni in bi shi in ga inda za ya.

Da yayi ya juya, adon reshe ya sha wuya. Mutanen Paris suka riƙa yi masa ba'a da sunan salon taliya. An tumɓuke ƙofofin Guimard da dama, an rushe babbar rumfarsa ta tashar Bastille a 1962. A Burusel, Maison du Peuple da Horta ya gina wa jam'iyyar ma'aikata, aka buɗe a 1899, an rushe shi a 1965 duk da kukan magina na ƙasashe da yawa, aka kafa dogon benen ofisoshi a gurbinsa. Shekara 35 bayan haka, a 2000, UNESCO ta sa gidaje huɗu na Horta cikin kayan gadon duniya, har da na Tassel. Na ma'aikatan kuwa, sai wasu ƙarafansa da aka tsince, aka sa a wani gidan cin abinci a garin Anbers.