Randunan da Ke Binne a Kaheti

Motar da ta ɗauko mu daga Tibilisi, babban birnin Jojiya, ƙaramar bas ce irin wadda suke kira marshrutka. Ta yi ta hawan tudun Gombori tana nishi, ni kuwa ina ta zare ido a kan allunan bakin hanya, ko harafi ɗaya na kasa tsinta a rubutunsu mai zagaye-zagaye. Da muka gangaro sai ga kwarin Alazani na yankin Kaheti a shimfiɗe, gonakin inabi iya ganinka, can baya duwatsun Kokasas sun tokare sama. Lokacin kaka ne, abin da suke kira rtveli. Kowace motar ɗaukar kaya da ta wuce mu shaƙe take da inabi, ruwansa na ɗiga a kan kwalta.

Masaukina a wani ƙauye ne kusa da garin Telabi, gidan wani dattijo mai kaurin hannu. Jikansa ne tafintanmu. Tun a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi, na faɗa wa dattijon gaskiya: ni Musulmi ne, ba na shan giya, kallo ya kawo ni. Ko a jikinsa. Ya ce ai nan kusa, a kwarin Pankisi, Musulmi ne maƙwabtansu. Ya sa aka matso mini ruwan inabi sabo fil, aka haɗo da churchkhela, wato ƙwayar goron dutse da ake shiryawa a zare, a tsoma cikin ruwan inabin da aka dama da gari, a shanya ya bushe. Da na gama ya ce in zo in ga marani, ɗakin da suke ajiye giyar gida.

Na shiga ina tsammanin ganguna jere har rufi, ko kwalabe kan kanta. Ba ko ɗaya. Ɗaki ne mai duhu da sanyi, wayam, sai wasu faifayen dutse a daɓe nan da can. Na dubi yaron na ce, to ina giyar? Ya yi dariya ya nuna ƙafata. Ashe a kanta nake tsaye!

Dattijon ya durƙusa ya janye dutse ɗaya, sai ga bakin wata makekiyar randa binne har wuya. Wannan ita ce kvevri. Siffarta kamar ƙwai, gindinta a tsuke, kuma akwai mai cin lita ɗari, akwai mai cin dubu biyu ko fiye. Wadda ya buɗe babu komai a ciki, ya haska fitila, na leƙa ban ga ƙarshenta da kyau ba. Ya ce idan za a wanke ta, sai mutum ya sa tsani ya shiga ciki da kansa, ya yi ta gurza da wani abin gurza na ɓawon itacen ceri, a zuba ruwan farar ƙasa, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa har sai ruwan da aka kwaso ya fito garau. A wurinsa wannan wankin shi ne rabin aikin. Randar da ba ta wanku ba, in ji shi, ta ɓata wahalar shekara guda.

Duk Bahaushen da ya taso a gidan da ake girke randa a gindin bishiya, a tara mata yashi mai laima, zai ji kamar ya san wannan abu. Na ji haka ni ma, amma da na yi tambaya sai na ga dabarun biyu sun sha bamban. Randarmu tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsa: ruwa ya ratso jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Su kuwa mutanen Jojiya ba sa son tsatsa ko kaɗan. Shafe cikin randar suke yi da kakin zuma don su toshe ƙofofin yumɓun. Sanyinsu daga ƙasa yake zuwa. Idan ka yi zurfi kaɗan, ƙasa ba ta damu da rani ko hunturu ba, tana nan wajen digiri 13 zuwa 15 shekara ta zagayo. Ba wuta, ba injin sanyaya, ba janareta.

Washegari na ga yadda ake cika ta. Inabin da ake jar giya da shi a nan sunansa Saperavi, baƙi ne wuluk, kuma ba kamar yawancin inabi ba, har tsokarsa ja ce. Duk wanda ya taɓa shi sai hannunsa ya rine. A wani dogon kwami da aka fafe daga gungumen itace ake tattake shi, ruwan ya kwarara cikin randa, a bi shi da ɓawon da ƙwayar. Bayan kwana kaɗan sai ka ji randar tana tafasa ba wuta. Ɓawon ya taso ya yi tozo a sama, a riƙa danna shi da doguwar sanda safe da yamma. In ta lafa, sai a tace, a cika randa maƙil, a ɗora dutse, a liƙe da yumɓu, a rufe da yashi. Daga nan ba mai taɓa ta sai hunturu ya wuce. Gindin nan mai tsini ma ba ado ba ne: nan duk dauɗa ke taruwa ta kwanta, na sama ya tsaya tas.

Abin da dattijon ya fi nanatawa shi ne iska. Ya ce jar giya tana da maƙiya, zafi da haske da girgiza, amma babbansu iska. In aka bar sarari a randa, iska ta zauna a kai, giyar sai ta yi tsami ta lalace. Shi ya sa ba randa ɗaya ake binnewa ba. In an buɗe babba an ɗiba, sauran sai a juye shi cikin ƙanana, kowace a cika ta har baki. Da wani ludayin duma mai doguwar mariƙa, orshimo, ake ɗiba. Jikan ya ce ko a birni, masu ajiye kwalabe dokar ɗaya ce: wuri mai duhu, nesa da murhu da taga, kuma a kwantar da kwalbar don toshiyar bakinta ta zauna a jiƙe, domin in ta bushe sai ta tsuke, iska ta samu ƙofa.

Na tambaya tun yaushe suke wannan. Yaron ya ce in je gidan tarihi. Gaskiyarsa kuwa: a 2017 masana suka bayyana cewa sun samu alamar giyar inabi a jikin fasassun tukwane daga Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, kudu da Tibilisi, masu shekara wajen 8,000. A 2013 kuma hukumar UNESCO ta sa dabarar kvevri cikin jerin al'adun da duniya ke taskacewa. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba, amma tana da irin inabi sama da 500.

An kai ni garin Kvareli, inda aka fafe dutse a zamanin Tarayyar Sobiyet aka yi ramuka masu tsawon sama da kilomita 7, yanzu cike da kwalabe a kwance. Sai da aka ba mu mayafi saboda sanyi kafin mu shiga. Abin kallo ne, ba musu. Amma ni ɗakin dattijon ya fi burge ni, don wancan aikin gwamnati ne, wannan kuwa mutum ne da ƙasar gidansa.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙauyen Vardisubani, wurin maginan randa. Ba su da injin juya tukunya. Da hannu ake murza yumɓu kamar igiya, a ɗora zagaye ɗaya, a daidaita, a bar shi ya sha iska, sannan a dawo a ɗora wani. In ka yi gaggawa na ƙasa ya zube, in ka yi jinkiri na sama ya ƙi kamawa. Randa ɗaya sai ta ci watanni kafin ta kai wuya. Sannan a tura randunan cikin wani katafaren ɗakin gashi, a toshe ƙofa da bulo, a yi ta cusa itace dare da rana har wajen mako guda. Tun randa na da sauran ɗumi ake shafa kakin, don ya narke ya shige jiki. Na tsaya kusa da wata da aka jingine a bango, ta fi ni tsayi nesa ba kusa ba. Na tambayi maginin nawa take. Ya ce su ba a yi musu ciniki da ido: ka faɗi lita nawa kake so ta ci, a lissafa maka kuɗi a kan kowace lita, sannan ka je ka haƙa raminka kafin ta iso.