Tambayar Da Na Hana A Yi

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu domin gwajin koyarwa, aka ba ni aji shida na wata firamare. Ran nan ina koyar da labarin ƙasa, sai magana ta kai ga zafi da ɗari. Na ce wa yara duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, in ta matso kusa da ita a yi zafi, in ta yi nisa a yi ɗari. Haka na ji tun ina ƙarami, haka kuwa na rubuta a allo, yara suka kwafa.

Sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, kawuna yana aiki a Afirka ta Kudu. Da Kirsimeti ya bugo waya, ya ce zafi ya dame su, mu kuwa a nan muna fama da hunturu. Ranarsu dabam ce da tamu?" Yara suka fashe da dariya. Ni kuwa gabana ya faɗi, don ba ni da amsa, ga shi kuma malamin da ya zo duba ni yana zaune da alƙalami a hannu. Na ce, "Ke, zauna. Abin da ke allo shi za ki rubuta." Ta zauna. Malamin ya ba ni maki mai kyau, har ya yaba mini yadda na riƙe aji.

Da dare na kasa barci, na tashi na bincika. Ashe ƙarya na koyar. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, watau kamar kilomita miliyan 147, ta fi nisa kuma a farkon Yuli, kamar miliyan 152. Abin da ke kawo sauyin lokatai shi ne a karkace duniya ta ke, da wajen digiri 23 da rabi. A Disamba ɓangaren kudu ne ya ke fuskantar rana sosai, shi ya sa kawun yarinyar ya ke gumi. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta auna maganata da abin da ta sani, ta ga ba su dace ba. Ni da na yi shekara biyu a kwaleji ban taɓa aunawa ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ci jarrabawar darasin mantiƙi, watau ilmin auna hujja. Na haddace sunayen kurakuran tunani, na zuba su a takarda, na fito na bar su can. A makarantar mishan inda na tashi ma haka mu ke yi da katikisma: tambaya a rubuce, amsa a rubuce, wanda ya fi saurin faɗa shi ne gwani. Alhali kuwa a cikin Ayyukan Manzanni, sura 17, an yabi mutanen Biriya domin sun riƙa bincika Littattafai kullum su ga ko abin da Bulus ya faɗa musu haka ya ke. Mun haddace wannan ma.

Da na kai kukana ga wani malaminmu na kwaleji, sai ya ce in karanta labarin wata ƙaramar jami'a a Amurka, Kwalejin St John's ta garin Anapolis. Tana cikin irin jami'o'in nan da ba su fara da koya wa mutum sana'a guda, sai su ba shi ilmi mai faɗi tukuna: harshe, lissafi, falsafa, kimiyya da kiɗa. Tun 1937 kowane ɗalibi a can littattafai iri ɗaya ya ke karantawa har shekara huɗu, kuma na ainihin masu ilmin ne, ba taƙaitawar wani ba. Sau biyu a mako ɗalibai kamar ashirin su kan zauna kewaye da tebur tare da malamai biyu. Malami ɗaya ya jefa tambaya, sa'an nan ya ja bakinsa, ɗalibai su yi ta kai da kawowa, kowa ya nuna shafin da ya dogara a kai.

Abin da ya kama ni shi ne wannan hali bai tsaya a darasin falsafa ba. A lissafi, ɗalibi ne zai tashi gaban allo ya tabbatar da maganar Yuklid mataki mataki, 'yan'uwansa suna tare shi duk inda ya yi tsalle. A ilmin taurari su kan yi watanni a kan Tolomi na Iskandariya, wanda ya sa duniya a tsakiya, rana tana kewaya ta. Kowa ya san ba haka ba ne. Amma sai sun bi lissafinsa sun ga ƙarfinsa, kafin su zo ga Kofanikas da littafinsa na 1543, su ga dalilin da ya sa aka canza. Wanda ya bi ta wannan hanya ya san yadda aka yi aka sani. Ni kuwa sakamakon kaɗai aka miƙa mini, shi ya sa da ya gurɓace a kaina ban lura ba.

Kada wani ya ce abin Turawa ne. A Gana, Patrick Awuah ya buɗe Jami'ar Ashesi a 2002 bisa irin wannan tsari. A 2008 ɗalibanta da kansu suka yi muhawara, suka jefa ƙuri'a, suka ɗauki alkawarin rubuta jarrabawa ba mai tsaro. Ku duba, 'yan'uwa, mu da ake caje mana aljihu a bakin ƙofa.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Su ashirin ne a tebur, ni yara sittin ne a gabana, ga manhaja tana kora ta. Har wa yau an yi mana tarbiyya yaro ba ya ja da babba, kuma ba na raina wannan tarbiyya. Amma yarinyar nan ba ta yi rashin kunya ba. Hannu ta ɗaga, "Malam" ta ce. Girmana na ke tsaro sa'ad da na zaunar da ita, ba ladabi na ke koya mata ba.

Ran Litinin na shiga aji da lemo guda, da tsinken tsintsiya, da tocila. Na ce su buɗe littattafansu su soke abin da na ba su, domin kuskure ne, kuma ga wadda ta gano shi. Aji ya yi tsit. Faɗin wannan ya fi mini tsayawa gaban mai duba wuya. Na soke lemon da tsinke, na karkata shi, na sa wani yaro ya riƙe tocila a tsakiya, muka rufe tagogi. Yarinyar ta zagaya da lemon, suka ga haske yana sauka sosai a ƙasansa ta wannan gefe, a samansa ta wancan.

Ban gama murna ba sai wani yaro ya ce, "To Malam, in haka ne, don me zafin Maris ya fi na Yuni a nan?" Na yi shiru kaɗan, na ce ina zaton gizagizan damina ne, amma zan bincika, su ma su tambayi manya a gida. Muka kafa sanda a fili, aka sa yara biyu su riƙa auna inuwarta da tsakar rana kowace Juma'a.

Gwajina ya ƙare kafin awon ya yi nisa. Ran da zan tafi, uwar ajin ta ce mini, "Malam, ka ɓata mini yara, yanzu kome na faɗa sai sun ce yaya aka yi aka sani." Ban gane ko wasa ta ke yi ba. Na bar mata littafin awon inuwa a kan tebur.