Limbe, Garin da Dutse Ya Tsoma Ƙafa a Teku

Daga Duwala zuwa Limbe bai wuce kilomita 70 da ɗoriya ba, amma mota na haye gadar kogin Mungo sai ka rantse wata ƙasa ka shiga. Faransanci ya ja da baya, Turancin buroka ya karɓe kasuwa, gonakin roba da ayaba da kwakwar manja suka jeru dama da hagu har Tiko da Mutengene. Da ma tare da Nijeriya Turawan Ingila suka mulki wannan yanki, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zaɓi komawa Kamaru. Shi kansa garin, wani ɗan mishan mai suna Alfred Saker ne ya kafa shi a 1858 ya raɗa masa Biktoriya, sunan da ya ci gaba da amsawa har 1982.

Yashin bakin tekunsu baƙi ne ƙirin, kamar an daka gawayi an shanya. Idan rana ta take, ba ka iya taka shi ba takalmi. Mai wannan aiki yana tsaye a bayan gari: Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, wanda har gobe yana aman wuta. Abin da ya amayar tun zamanin zamunna shi igiyar ruwa ta yi ta niƙa har ya koma yashi.

Wanda ke shakka ya bi hanyar Idenau zuwa ƙauyen Bakingili. A 1999 dutsen ya fashe, narkakken dutse ya gangaro a hankali ta cikin gonakin kwakwa, aka kwashe mutanen ƙauyen, ya datse kwalta, sannan ya tsaya cak saura ƙiris ya faɗa teku. Yana nan har yanzu, tudu guda ya fi gida tsawo, titi ya karkace ya ba shi wuri. Na hau kansa. Duwatsun duk ƙofofi ne, marasa nauyi, ga kaifi mai cin tafin hannu, suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsirrai sun riga sun huda ta tsakaninsu, har da ƙananan itatuwa. A ƙasar nan ko dutsen da ya ƙone ba a bari ya huta.

Ruwan sama ne sila. Gaba kaɗan da nan akwai Debundscha, inda ake samun ruwan da ya kai milimita 10,000 a shekara, wajen ninki goma na abin da Kano ke gani. Mu da muke fita roƙon ruwa, ga mutane suna fatan ya ɗan tsagaita su shanya kaya.

Babban dutsen aikin masu ƙashi ne, don haka na nufi ƙanensa, Etinde, mai mita 1,713. Kada ƙanƙantar ta ruɗe ka. Tun daga gonakin gwaza da ayaba na gindinsa hanya ke miƙewa tsaye, babu wani kewaye-kewaye. Ka shiga kurmi, rana ta ɓace, ƙasa ta koma santsi, sai kama saiwoyi kake kana jan jiki. Gansakuka ta lulluɓe kowane kututture, ganye na ɗiga ko ba a ruwa. Jagoranmu, wani saurayi ɗan ƙabilar Bakweri, takalmin roba ne a ƙafarsa da adda a hannu, yana tafe yana hira, ni kuwa numfashi ma da ƙyar. In ya ga na yi laushi sai ya tsaya wai zai nuna mini wani ganye, alhali hutu yake ba ni. Wannan kara ta burge ni fiye da ƙarfin nasa. A can sama hazo ne ke mulki. Da ya ɗan yaye, sai ga gari a ƙasa, ga tsibiran Bota, ga dutsen tsibirin Biyoko na Ikwatoriyal Gini yana leƙowa daga tsakiyar teku.

Washegari cinyoyina suka ƙi, sai na haƙura da yawon ƙasa: lambun itatuwan da Jamusawa suka dasa a 1892, da gidan da ake renon goggon biri da aka ƙwato daga hannun mafarauta. Bimbiya, tsohuwar tashar cinikin bayi, tana gabas da gari, ginshiƙanta sun nutse cikin dajin gora. Nan ba wurin raha ba ne.

Rikicin da ya taso a yankin tun 2016 ya kori baƙi da yawa, amma Down Beach, bakin tekun da ke cikin gari, ba ta daina hayaƙi da yamma ba. Masunta na janyo kwale-kwale, mata na fifita gawayi. Kai za ka nuna kifin da kake so, a yi ciniki, a tsaga shi, a shafe shi da yaji, a kawo maka da gasasshiyar agada da miyondo, wato dafaffen ƙullin rogo a naɗe cikin ganye. Kusa da su wani mai tsire ya ji na yi sallama, ya ɗago da sauri: "Malam, daga ina?" Mutumin Garwa ne. Ya ƙi karɓar kuɗina, ya kuma gargaɗe ni cewa in mai kifi ta sa suna, in fara taya rabi.